Gidan da Bai Zo Layi Ba

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga wata unguwa a Kano ko Zariya ko Katsina ba ka tarar da ƙungiyar matasa da ta ɗaura ɗamarar taimakon marasa ƙarfi ba. Wasu tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya ne, wasu 'yan majalisa ɗaya ne da suka ga zaman shayi kaɗai ba zai fisshe su ba, wasu kuma a waya suka san juna kafin su haɗu ido da ido. Ku matasa, kuna tara kuɗi, kuna dafa abincin buɗa-baki, kuna ɗinka wa marayu kayan salla, kuna kai ziyara asibiti da gidan yari. Wannan abu yana faranta mini rai ƙwarai da gaske. Mu ƙafa ta yi nauyi, ku ne masu jini a jika. Shi ya sa nake so ku ba ni aron hankalinku in faɗa muku abu guda da nake ganin ya sha gaban sauran: gidan da ya fi kowane buƙata, sau da yawa ba ya cikin masu zuwa layi.

Ba sai na gaya muku halin da ake ciki ba, ku ake aika awo. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Wannan fa kafin ranar 29 ga Mayu 2023 ke nan, ranar da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin mota ya bi, kwanon masara ya bi, kuɗin magani ya bi. Zuwa tsakiyar 2024 tashin farashin abinci ya zarce kashi 40 cikin ɗari a shekara. Abin da hakan ya haifar shi ne sababbin mabuƙata waɗanda ba su taɓa sanin roƙo ba: malamin firamare, ɗan fansho, telan da ɗinki ya yi wa ƙaranci, ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ranar sha biyar ga wata. Shekara biyar baya su ke miƙa wa wasu. Irin wannan magidanci sai a wuni a kwana ba a ɗora tukunya a gidansa ba, amma da asuba ya zura wankakkiyar rigarsa ya fito masallaci. Ka ce masa yaya iyali, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ko za a raba shinkafa a ƙofar gidansa, ba zai tsaya a layi 'ya'yan maƙwabta suna kallonsa ba.

Iyayenmu sun san da irinsa, kuma sun yi masa tanadi ba tare da sun ambaci sunansa ba. Bayan magariba magidanta kan shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, kowa a fito masa da kwanonsa, a jere su a tsakiya a yi bisimilla. Idan mutum shida ne kwano huɗu, babu mai ƙirgawa, babu mai tambayar na wa ne bai fito ba. A cikin gida kuma mata suna ciyayya. Yarinya ta ɗauki tuwo ta kai maƙwabta, a juye a zubo mata nasu. Ranar da ta dawo ta ce an ce a gaishe ki, wai ba su sauke ba tukuna, uwar gida ta riga ta gane. Gobe sai ta ƙara malmala biyu, ba ta ce uffan ba. A ƙauye, magidanci ya kwanta ciwo tsakiyar damina, samari su saɓa fartanya su yi masa gayya, kafin la'asar an nome gonar. Da kaka wanda amfaninsa ya kai nisabi ya ware dami ɗaya cikin goma, abin da ya zuba a ƙasa kuma a bar wa mata da yara su yi kala. Ba ina nufin da can babu wahala ba. Wanda ya ga farin 1973 ba zai faɗi haka ba, kuma rowa da mugunta ba yau aka fara su ba. Sai dai zaman da ake yi ya sa da wuya yunwar mutum ta ɓuya wa maƙwabcinsa, kuma da wuya a tona masa asiri wajen kore ta.

Yanzu gari ya buɗe. Ku dubi yadda Kano ta miƙa ta Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Kurna da Rimin Kebe, mutane daga ko'ina, yawanci 'yan haya, yau suna nan baɗi sun tashi. Masu hali sun ja doguwar katanga sun sa ƙofar ƙarfe. Mutum sai ya shekara bai san sunan wanda suke haɗa bango ba. Aikin da tabarmar zaure take yi da kanta, yau sai an tashi an yi shi da gangan, kuma shi ne ainihin aikin ƙungiyarku, tun kafin a kai ga maganar buhu nawa aka saya.

To ta ina za ku gane gidan da ba ya magana? Ku fara da mai shagon unguwa, wanda ke sayar da garin kwaki da sukari da taliya da man gyaɗa ƙulli-ƙulli. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani littafi irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, kowane shafi da sunan gida a sama da lambobi a jere. Shi ya san matar da ke aiko yaro awon kwano, ta koma rabi, ta koma gwangwani, yanzu sai ƙulli. Shi ya san magidancin da ya daina biyowa ta gaban shagon, yake zagayawa ta lungu, ba don faɗa ba, don kunyar shafinsa da ya cika. A ganina babu ƙungiyar agajin da ta kai wannan bawan Allah ciyar da unguwa, ga shi ba shi da rajista ba shi da tambari. Yana ba da bashi ba ruwa, ba shaida, ba ranar biya. Shi ma kuma bashin ya ɗauko a kasuwar Singa, idan littafin ya yi nauyi shagon ne zai durƙushe, unguwa ta rasa majingina. Mutum biyu daga cikinku su same shi bayan isha'i, lokacin da ƙafa ta ɗauke. Ku ce masa ga abin da muke da shi, wane shafi ne ya fi damunka? Ba lalle ne ma ku ga sunan ba. Ku biya, ya ja layi a kai, gobe ya tare mutumin ya ce masa wani bawan Allah ya biya maka, ci gaba da aiko yara. Gida biyu kuka tallafa a lokaci guda. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin kashi takwas ɗin da Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, saboda haka idan kuɗin zakka ne a hannunku, ku tambayi malamanku yadda za a bi a biya.

Ba shi kaɗai ba ne mai ido. Mai kemis ya san wanda ke sayen rabin maganin da likita ya rubuta, ya ce zai dawo ya cika, bai dawo ba. Malamar Islamiyya ta san yaran da suka ɗauke ƙafa tun da aka fara tambayar kuɗin wata. Mai markaɗe ta san gidan da ya kwana biyu bai aiko da ko tattasai ba. Dillaliya kuwa ta fi kowa sani, domin ita ake kira a ɓoye a miƙa mata atamfar da ba a taɓa ɗinkawa ba, bayan wata guda a miƙa mata kwanukan jere, daga nan 'yan kunne. Ranar da mace ta fara fitar da kayan ɗakinta, lamarin ya daɗe da yin nisa. Waɗannan mutane amana ce a bakinsu, ba za su buɗe wa kowa ba, sai wanda suka tabbatar ba zai yi yawo da zance ba. Ku bi ta hannun mai unguwa da liman don a san da ku, da ɗan gari akan ci gari. Amma kada ku tsaya ga jerin sunayen da aka miƙo muku kawai, domin jerin sunaye yakan cika da waɗanda suka iya kai kansu.

Ku kuma 'yan matana, a nan babu mai maye gurbinku. Namiji iyakarsa zaure. Ke ce za ki shiga har tsakar gida da sallama, ki zauna a tabarma, ki ga murhun da tokarsa ta huce, ki ga jaririn da gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Iyayenku mata sun riga ku a wannan hanya. Tun 1985 aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce shugabarta ta farko, kuma har yau rassanta na riƙe da makarantu da ɗakunan shan magani da gidajen marayu. A coci-coci Zumuntar Mata ta daɗe tana tara hatsi da sutura tana bin gwauraye da marasa lafiya gida-gida. Ku raɓe su ku koya. Ku roƙi ma'aikatan lafiya na unguwarku su nuna muku yadda ake awon dantsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku. Ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, idan awon ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Wannan ba na kwanon shinkafa ba ne, asibiti za a kai shi a ranar. Wanda bai kai haka ba, a koya wa uwarsa haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, duk abubuwan da ake samu a kasuwar ƙauye.

Bari in taɓo 'yan kasuwa, tunda wajensu kuke zuwa neman gudummawa. Manyanmu suna yi, kuma ya kamata a faɗa. Da ambaliya ta ci Maiduguri a 2024, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. A azumin 2024 Gidauniyar Aliko Ɗangote ta raba buhunan shinkafa kimanin miliyan ɗaya a faɗin ƙasa. Allah ya saka musu da alheri. Amma babbar dukiya ba ta san lungu ba, sai an yi mata jagora, kuma ba kowace ƙungiya ce za ta kai ga ƙofar irin waɗannan ba. Waɗanda ke kusa da ku su ne mai rumfa a Ɗawanau, mai shago a Kantin Kwari, mai gidan burodi, mai kayan miya a 'Yankaba, mai gidan ruwan leda. Kada ku je musu da doguwar takarda kuna cewa a taimaka wa marayu. Ɗan kasuwa ya ji irin wannan har ya gaji, kuma an sha cutarsa. Ku ce masa, Alhaji, gida biyar ne, yara kaza, muna neman kwano goma na masara duk wata har zuwa kaka. Ku nemi abin da yake sayarwa, ya fi masa sauƙin bayarwa a kan tsabar kuɗi, ku ma ya fi muku kwanciyar hankali. Mai burodi ya ware abin da zai iya duk safiya, mai atamfa ya ba da ragowar yadi, mai kemis ya yarda a riƙa karɓar maganin hawan jini na tsohuwa guda a kan kuɗin sari. Bayan wata guda ku koma ku gaya masa inda kayansa suka shiga, ko bai tambaya ba. Wanda aka koma wa da bayani shi ke sake bayarwa.

Akwai kuma abin da ɗan kasuwa ke da shi wanda ya fi hatsi daɗewa, wato gurbi a shagonsa. Tsohuwar al'adarmu ce ubangida ya ɗauki yaro, ya koya masa ciniki, ya jarraba amanarsa, in ya kawo ƙarfi ya yaye shi da jari. Da yawa daga masu shaguna a Kwari da Sabon Gari ta haka suka tashi. Idan kun sami maraya ɗan shekara sha biyar, ku nema masa uban gida na kirki, ko kafinta, ko mai gyaran waya, ko tela, da sharaɗin ba zai bar makaranta ba, ya je bayan an tashi. Ku riƙa leƙa shi, domin ba kowane ubangida ne ke tsoron Allah ba.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Don Allah ku rage tara mutane, ku kuma sauke waya. A watan Disamba na 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan a turmutsitsin wani taro da aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci. Cikin makon aka sake yin irinsa a Okija ta jihar Anambra da kuma Abuja. Kafin nan, a cikin azumin shekarar, mata sun rasa rayukansu a Bauci wajen rabon zakka. Masu rabon alheri suka nufa, amma shela a gari mai yunwa haɗari ce. Ko ba a mutu ba, ku dubi wanda ke cin riba a layi: mai ƙarfin ture wani. Tsohuwa da mai ciki da gurgu su ke komawa hannu rabbana. Ku kai kaya gida, da daddare ko da sassafe, a buhun da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Hoto kuwa, na san hujjarku, kuna cewa masu bayarwa suna son shaida. Gaskiya ne, suna da haƙƙin su sani. To ku ɗauki hoton kayan, ku nuna rasit, ku kai wakilinsu ya gani da idonsa. Fuskar uwa tana karɓar kwanon shinkafa ba taku ba ce da za ku watsa a Facebook. Yaron da ke tsaye gefenta zai girma, abokansa za su gani, wata rana zai je neman aure. Kada ku ce ai ta yarda. Mai jin yunwa ba ya iya cewa a'a.

Sai amana. Kuɗin jama'a ya rusa abota da yawa, kuma yawanci ba da niyyar sata ake farawa ba, da aro ake farawa. Kada kuɗin ƙungiya ya kwana a asusun mutum ɗaya. Ku buɗe asusu da sunanta, a ce sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire. Ku sami littafi, abin da ya shigo da abin da ya fita a rubuta a ranar, a karanta wa kowa duk ƙarshen wata ko da naira dubu biyar ce. Kuɗin zakka ku ware shi daban, domin yana da masu shi. Riga mai tambari da allon talla da man mota, ku nemi kuɗinsu a aljihunku. Inda akwai hukuma ku haɗa kai da ita. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, Sakkwato tana da ta Zakka da Wakafi, masarautun Jigawa irin su Dutse da Haɗejiya suna da kwamitocin da ke tara zakkar hatsi da dabbobi. Ku kai musu sunayen da kuka tantance, ku bi sawu.

Wani abin da nake so ku lura da shi shi ne lokaci. Alherinmu yakan taru a wata guda. Da azumi kowa na dafawa, har almajiri ya rasa inda zai sa kunu da ƙosai, bayan salla kuma ɗif. Azumi yana zagaya shekara, yunwar damina kuwa ba ta sauya wata. Yuli da Agusta ne rumbu ke ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya kai ƙololuwa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Ruwan da ya zubo kamar da bakin ƙwarya gangarewa yake yi, yayyafin da ya jima shi ke ratsa ƙasa. Ku raba abin da kuka tara, wani na azumi, wani ku sayi gero da masara da kaka lokacin da suke araha, ku adana da kyau, ku fito da su a marka. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da irin wannan dabara a ƙauyuka, inda suke da bankunan hatsi.

Haka ma gidan rasuwa. Ranar farko har zuwa uku gida cike, kwanuka har a rasa wurin ajiyewa. Bayan bakwai kowa ya kama gabansa. Ita kuwa matar tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ga yara, ga mai gidan haya ya fara aike. Ku rubuta ranar, ku koma bayan wata biyu, lokacin da babu mai zuwa. Ku da kuka yi boko, a nan iliminku zai yi rana: takardun haƙƙin mamaci a wurin aikinsa, kuɗinsa da ya maƙale a banki, sunan yaran a makaranta. Sau da yawa haƙƙin marayu yana nan kwance, an rasa mai bin sawunsa ne kawai. Idan za ku ba ta jari, ku fara tambayarta me ta iya. An sha ba mace keken ɗinki alhali ita ƙuli-ƙuli ta gada, bayan wata biyu keken yana hannun dillaliya. Kuma ku haɗa jarin da abincin wata ɗaya ko biyu, domin jarin da aka ba mai jin yunwa a tukunya yake ƙarewa, kuma ba laifinta ba ne. In sana'ar ta kama, ku sa ta cikin adashin matan unguwa.

Kada wanda ba shi da ko sisi ya ce ba shi da abin bayarwa. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da dama na Maiduguri. Tare da jami'an ceto, samarin gari ne suka shiga ruwa da kwale-kwale suna fito da tsofaffi da yara, matan unguwannin tudu suka ɗora manyan tukwane. Mutanen garin ba baƙi ba ne ga wannan. A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba, a gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka sauka, ɗaki guda ya ɗauki iyali biyu. Ku dubi 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanu, yadda suke tsayuwa a asibitoci da filin idi da maƙabarta, yawancinsu talakawa ne. A jihohi da dama na Arewa akwai direbobin ƙungiyar NURTW da aka horar don ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibiti ko tsakar dare ne. Ku ma ku nemi masu adaidaita sahu biyu ko uku a unguwarku da suka yarda a tashe su, ku raba lambarsu ga ungozoma da matan aure. Ku je a gwada rukunin jininku, ku rubuta a littafin ƙungiya. Saurayi mai lafiya yana iya ba da jini duk bayan wata uku, kuma leda ɗaya tana iya zama sanadin tashin mai jego da jini ya ɓalle wa, ko yaro mai sikila.

In kun zo bayarwa kada ku tambayi ɗan wace ƙungiya ne, ko wace jam'iyya ubansa yake yi. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007 da yara 36. Da rikici ya zo ya karɓi marayun sojoji da na fararen hula da na 'yan Boko Haram, ya zaunar da su aji ɗaya. A 2017 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. A Yola, Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocinsa ga dubban masu gudun hijira a 2014, daga baya da ya gina musu gidaje ya haɗa da masallaci saboda Musulmin cikinsu. Abin da nake so ku ɗauka daga Zannah shi ne da aji guda ya fara, kuma bai saki ba. Gida biyar da kuka riƙe shekara uku sun fi gida ɗari biyar da kuka gani sau ɗaya.

Ba na so ku ɗauka cewa sadaka za ta ɗauke wa gwamnati nauyinta. Asibiti da makaranta da tsaro haƙƙi ne, kuma wanda ya shiga gidajen talakawa ya gani da idonsa shi ya fi cancanta ya tambayi kansila da ɗan majalisa, cikin ladabi, da hujja a hannu. Kuma kafin ku tsallaka titi ku waiwayi gida. Akwai gwaggo ko kawu ko matar yayanku da ya rasu, wadda ta fi kowa haƙƙi a kanku, kuma ta fi kowa jin nauyin tambayarku.

In Allah ya buɗa muku, ku yi tunanin wakafi, ko da ƙarami ne. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Ku ma kuna iya haɗa kuɗi ku sayi injin markaɗe ko shago guda, a rubuta a gaban shaidu da hukuma cewa kuɗin da yake kawowa na karatun marayun unguwa ne, ba a sayarwa, ba a gado. Dalilin da ya sa nake matsa muku a kan wannan shi ne, ƙungiyar matasa takan watse ba tare da an yi faɗa ba. Wannan ya tafi bautar ƙasa, wannan ta yi aure ta bar gari, wancan aiki ya kai shi Abuja, gidajen da suka saba ganinku kuma suna nan suna sauraron sallamarku. Saboda haka tun yanzu duk wanda zai fita zagaye ya tafi da ƙanensa ko ƙanwarta, a gabatar da su ga mai shago da dillaliya da malamar Islamiyya, a nuna musu yadda ake rubuta littafi. Ranar da tafiya ta kama ɗayanku, ya zauna da wanda zai gaje shi su bi gidajen ɗaya bayan ɗaya: wannan maganin wata-wata ake kai mata, wannan kuɗin jarrabawar ɗansa ya kusa, wannan kuma ba a aika masa yaro, babba ne ke zuwa da kansa bayan isha'i.